Daga Kasuwa Zuwa Kasuwa

"Kasuwa mai zuwa," in ji Mamane. "Ran nan za ka ba ni ɗaki. Ban ƙara maka ko wuni guda."

"Da tsohonka nika magana, ba da kai ba."

"Tsoho ya gaji da magana. Ni ya wakilta."

Barmo yana tsaye a tsakiyar zaure, kuɗin hayar makon a dunƙule cikin tafin hannunsa har sun yi gumi. Ya zo ne ya miƙa su ga mai gidan, Malam Chindo, kamar yadda ya saba kowace ranar kasuwa, ya kuma haɗa da albishir: matarsa Talatu ta sauka da hantsi, namiji. Sai ya tarar da buzun tsohon babu kowa. Ɗansa Mamane ne a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana sakace. Tun da ya fara bin manyan motocin siminti zuwa Yamai ya koyi wannan zaman.

"Mamane, ka ji abin da nic ce kuwa? Talatu ta haihu. Yau ɗin ga."

"Na ji. Allah shi raya. Ɗakin dai an ba wani."

Ya yi bayani a taƙaice, idonsa a kan titi. Wani makanike ne kamfanin siminti ya ɗauko, yana neman ɗaki a cikin gari, kuma zai biya abin da lebura mai fasa dutse ba zai iya ba ko da zai haɗa da wandonsa. Barmo ya tuna masa shekarun da ya yi a gidan, tun bututun kamfani bai fara hayaƙi sosai ba, tun Mamane yana yawo da majina. Ya tuna masa wanda ya yi wa soron yaɓe bara, da wanda ya haƙa masai. Mamane ya ce an gode, amma shi ya tambayi waɗanda suka san doka, sun ce mako guda ne haƙƙin Barmo, kuma ga shi ya sanar da shi a gaban shaida. Ya nuna mai goron da ke zaune a gindin zaure. Mai goro ya sunkuya yana yayyafa wa goronsa ruwan da bai buƙata ba.

"Wace doka ta ka hidda mai jego waje?"

"Tahi Kwanni ka tambaya. Mota na nan kullum."

Barmo ya duƙa ya ajiye kuɗin a kan buzun tsohon, ya danne su da butar alwala. Ya shige cikin gida.

* * *

Ɗakin yana can ƙurya, kusa da rijiyar da ta ƙafe. Talatu tana kwance a kan gadon ƙasa da Barmo ya gina da hannunsa tun cikin yana wata bakwai, da rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi don zafi ya ratsa mai jego. Jaririn yana gefenta cikin tsumma, ja wur, fuskarsa a yamutse kamar wanda aka tasa daga barci don a gaya masa abin da bai so.

Inna Gimbiya, matar Malam Chindo, ita ta karɓi haihuwar, ita kuma ta ɗauki wankan a kanta, domin Talatu ba ta da kowa a kusa. Mutanenta na Bazaga sun watse tun da damina ta sake ƙi. Wasu sun tsallaka iyaka, wasu ba a san inda suka nufa ba. Tsohuwar ta riga ta girka babbar tukunya a bayan ɗaki, ta karyo ganyen dogon yaro da za ta riƙa fyaɗa mata tafasasshen ruwa da shi safe da marece, har kwana arba'in. Da Barmo ya shigo ba ta ɗaga ido ta dube shi ba. Ta miƙa wa Talatu ƙwaryar kunun kanwa, ta fita.

Ya zauna a bakin ƙofa yana kallon matarsa tana sha. Bai gaya mata komai ba. Yayarsa Kyauta yake gani. Ita a hanya ta haihu, wurin cin rani, ba tukunya ba itace. Sanyi ya shige ta, ƙafafu suka fara kumbura, sannan ciki, sannan fuska, har idanun suka ɓace a cikin nama. Ba ta kai arba'in ba. Shi ya riƙe kan makarar.

Da la'asar ya sami Malam Chindo a bayan rumbu, inda tsohon ya ɓuya da carbinsa. Tsakaninsu ya wuce na mai gida da ɗan haya. A da, ƙarshen wata Barmo yake biya, ranar da kamfani ya ba su albashi. Da yunwa ta shigo, tsohon ya kira shi gefe ya roƙe shi alfarma: in an ba shi kuɗin a dunƙule, kafin kwana biyu 'yan'uwa daga ƙauye sun ji ƙanshinsu, sauran kuma Mamane ya lallaɓe. Gara Barmo ya riƙe su wurinsa, ya riƙa ba shi kaɗan-kaɗan duk ranar kasuwa, ya samu na tiyar hatsi. Barmo ya yarda da farin ciki. Ran nan ya ji kamar an ɗaga shi daga ɗan haya an mai da shi ɗan gida.

"Baba, da saninka?"

Carbin ya zagaya sau ɗaya kafin amsa ta fito. "Da sanina."

"Mi niy yi maka?"

"Ba ka yi mini komi ba sai alheri. Leƙa rumbun ga."

Barmo bai leƙa ba. Ya san abin da ke ciki: ƙura da kashin ɓera.

"Makaniken ya ba Mamane kuɗin gaba," in ji tsohon. "Munka sayi buhun gero. Kunun da matarka ta sha ɗazu, shi na. Tuwon da Gimbiya ta aiko muku daren jiya, shi na. Mun ci, Barmo. Kai ma ka ci. Ba ni da abin maida mishi."

Barmo ya tuna tuwon. Rabonsa da tuwon gero tun bara. Jar dawar taimako ake ci, mai ɗaure ciki. Har ya suɗe kwanon, ya leƙa ya yi wa Inna godiya, ya ce Allah ya ƙara buɗi.

Ya tashi bai yi sallama ba.

* * *

Kwana biyu bayan haka ya roƙi shugaban ramin dutse izini, ya hau bayan motar siminti zuwa Kwanni. Ya zauna a kan buhuna, rana tana dukansa, gonaki suna wucewa fayau, ba ko karan da akuya za ta ja. A hanya ya shirya maganarsa. Abu ɗaya ya dogara da shi: ba a bin sa bashi. Duk wanda zai tsaya gaban hukuma, in ji zuciyarsa, to ya tsaya da wannan.

Barandar buro, ofishin hukuma, cike take da masu neman takardar hatsi. Ya bi layi har rana ta take tsaka, sannan gardin da ke tsaron ƙofa ya tura shi gaban komi, wato magatakarda, wani saurayi mai farar riga da tabarau, wanda gajiya ta riga ta zauna masa a kafaɗa. Ya saurari Barmo bai katse shi ba. Ya tambaya ko akwai takarda tsakaninsu. Barmo ya ce babu, shi da Baba Chindo ba su taɓa buƙatarta ba.

"To yaya kaka biya?"

"Duk ran kasuwa. Ban taɓa tsallake ko guda ba."

Komi ya ajiye alƙalaminsa. Ya dubi ƙofa, ya rage murya.

"Kai ma'aikacin kamfani na, ko? Ƙarshen wata aka biyanku. Ka yi tunani da kyau, malam. Wata-wata kaka biyan haya, ko ba haka ba?"

Barmo ya ji kamar an watsa masa ƙasa a ido. Wato yaron nan mai tabarau bai yarda lebura zai iya riƙe kuɗi wata guda cur yana fitar da su daidai ba. Ko kuwa tarko ne, a sa shi ƙarya a gaban hukuma a kama shi da ita. Ya ɗaga murya. Ya rantse da Allah da Annabi cewa daga kasuwa zuwa kasuwa yake biya, ya ambaci mai goro, ya ambaci liman, ya ce a aika garinsu Malbaza a tambayi duk wanda ake so. Gardi ya leƙo. Mutanen layi suka juyo suna saurare.

Komi ya cire tabarau ya murza idanunsa.

"To, ka yanke ma kanka."

Sannan ya yi masa bayani a hankali, kamar mai karanta wa mara lafiya sunan cutarsa. In babu takarda, abin da suke bi a nan shi ne yadda mutum ke biya. Mai biya shekara-shekara, a ba shi watanni ya shirya. Mai biya wata-wata, a ba shi wata. Mai biya mako-mako, mako guda ne nasa, in dai an sanar da shi ranar biya a gaban shaida. Ɗan mai gidan bai yi kuskure ba ko kaɗan.

Sai a lokacin Barmo ya gane ƙofar da aka buɗe masa ya sa ƙafa ya rufe.

"A da wata-wata nika biya," ya ce. "Shi yar roƙe ni. Taimako na niy yi mishi."

"Na yarda. Amma ba a tambayar dalili. Kuma gardi ya ji ka, layi ya ji ka."

"Arba'in ɗin mai jego hwa?"

Komi ya ɗora hannu a kan katon littafin da ke gabansa. "Babu mai jego cikin wanga."

Ya ba shi shawara ya koma ya roƙi mai gidan, tunda doka ba ta hana mutum tausayi ba. Gardi ya riga ya kira na gaba.

A hanyar dawowa motar ba kaya, sai tsalle take da shi. Wata guda. Da ya yi shiru, da ya gyaɗa kai kawai, da Talatu ta ci ƙarfin wankan kafin a taɓa ta. Ya nemi wanda zai zaga ya rasa. Mamane ya bi doka. Tsoho yunwa ta kama. Komi har ya yi ƙoƙari. Saura shi, da gaskiyarsa da ya ɗauko tun daga Malbaza kamar wani abin ado.

* * *

Sauran kwanakin ya ƙare su a ƙofofin mutane. Da an tashi daga aiki sai ya bi gari lungu-lungu, farin ƙurar dutse a gashinsa, yana sallama. Malbaza ta cika ta batse. Duk wanda gona ta ƙi ya gangaro inda bututu ke hayaƙi, ko za a samu ɗaukar buhu. Ɗaki guda mutum takwas, wasu a zaure, wasu a kan soro. Wani ya nuna masa turken awaki da yunwa ta share, ya faɗi kuɗin da ya sa Barmo dariya ba da niyya ba. Wata mata ta ce tana da wuri, amma ba ta son hayaƙin wankan jego kusa da ɗakinta. Liman ya yi alkawarin zai yi wa Malam Chindo magana. Ya yi, tsohon ya yi kuka, geron da aka ci dai bai dawo cikin buhu ba.

A bayan katangar kamfani akwai fili mai tsakuwa inda mutanen arewa suka sauka, Fulani da Buzaye da dabbobinsu suka ƙare a hanya, da manoma irin dangin Talatu. Sun yi bukkoki da abin da wurin ya ba su: rassan sabara da fasassun buhunan siminti na takarda. Barmo ya tsaya ya kalli yadda suke yi. Kashegari ya roƙi masu lodi yagaggun buhuna, ya kakkaɓe su, ya jera su ninki uku a kan rassa, ya ɗaure da waya. Wani tsohon Bafillace ya riƙe masa sanda bai tambaye shi komai ba. Da suka gama, tsohon ya ce in rana ce, takardar ba ta da laifi.

Bai san yadda zai gaya wa Talatu ba. Ita ta sauƙaƙa masa. Ya shigo ran nan ya tarar da ƙwaryar kunu a ajiye ba a taɓa ba, ta yi sanyi har ta yi fata.

"Inna ta hwaɗa mini," ta ce. "Tana yi mini wanka tana kuka. Na san kuma geron wane na."

"Ki sha."

"Ba ya wuce mini."

"Talatu, ba don ke ba. Nononki."

Ta dubi yaron. Ta ɗauki ƙwaryar ta shanye a tashi ɗaya, ido rufe, kamar magani. Da ta ajiye sai ta tambaya ko akwai itace a inda za su. Ya ce zai nemo. Ko akwai ruwa kusa. Ya ce akwai famfo a ƙofar kamfani, in mai gadi ya ga dama. Ta juya ta ba yaron nono. Ya saci kallon ƙafafunta a hasken garwashi. Ba su kumbura ba. Tukuna.

* * *

Ranar suna ta zo daidai da ranar kasuwa. Bayan sallar asuba maza kaɗan suka taru a zaure, abokan aikin Barmo da maƙwabta. Goron bai kai kowa ba, aka fasa shi biyu-biyu. Rago babu, liman ya ce ana iya jinkirta shi har Allah ya hore. Malam Chindo ne ya ɗaga hannu ya yi addu'a, domin shi ne babba a gidan, ya faɗi sunan yaron, Idirisu. Ya roƙa masa tsawon rai da arziki da inuwar iyaye. Da ya zo kan Allah ya tsare shi daga wulaƙancin duniya sai ya kasa ci gaba, liman ya ƙarasa. Aka shafa. Tsohon ya shige ɗakinsa ya saki asabari, bai sake fitowa ba.

Inna Gimbiya ta yi wa Talatu wankan safe, ta ƙara itace, ta sake yi mata wani kafin azahar, kamar wanka abin ajiya ne. Ta cika wata tsohuwar jaka da garin kunu ta cusa cikin kayansu ba tare da ɗanta ya gani ba.

Bayan azahar wata mota ta tsaya a ƙofar gida. Mamane ya sauko da makaniken, mutum mai ladabi, wanda ya gai da kowa hannu biyu, ya yi barka da suna, bai san wa ake fitarwa ba, ko kuma ya ga rashin sanin ya fi masa sauƙi. Yara suka sauke gadon ƙarfe mai rumfa. Da aka kai shi bakin ɗaki sai aka ga ba zai shiga ba, gadon ƙasa ya cinye wurin. Mamane ya aika a kawo galma.

"Ba ni," in ji Barmo. "Ni nig gina shi."

Sara uku ya yi, gadon ƙasar ya rufta. Garwashin safe yana nan a ƙarƙashi da ransa, zafinsa ya buso masa a fuska. Ya kwashe ɓaraguzan da hannu ya fitar, ya share ɗakin tas, ya jingina galmar a bango.

Kayansu duka jaki ɗaya ya ɗauke. Talatu ta fito a lulluɓe, yaron a ƙirjinta, tana taka ƙasa a hankali kamar mai tsoron ta fashe. Inna Gimbiya ta ɗora babbar tukunyar a kanta ta biyo su, ta ratsa kasuwa da ita, mutane suna matsawa. A ƙarshen gidaje ta sauke, ta ce ƙafarta ba ta kai can. Ta kama hannun Talatu, ta saki, ta juya. Barmo ya ɗauki tukunyar.

Suna isa filin iska ta canza. Gabas ta yi baƙi ƙirin, irin baƙin da aka shekara ana fita roƙonsa a bayan gari. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya iso daga nesa. Mutanen bukkoki suka firfito, tsofaffi suna salati, wata mata ta rangaɗa guɗa, yara suka tuɓe suna tsalle a kan tsakuwa. Tsohon Bafillacen ya ɗaga tafukansa sama, hawaye yana bin gemunsa.

Barmo ya tsaya da tukunya a ka. Bai iya cewa amin ba. Yana kallon rufin bukkarsa, yadda iska ke ɗaga takardun tana saki. Ɗigo na farko ya faɗa a kan buhun sama, ya yi tabo baƙi, tabon ya fara faɗi.

Talatu ta ja mayafi ta rufe kan yaron. Ta dubi bukkar, ta dubi sama, sannan ta dubi mijinta.

"Barmo, in ya sauko, ina za ni kwantar da shi?"